Gwaggo Ƙaras Ta Rasu Ba Ta Raba Maccido da Sha'aibu Ba

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har wuya, amma kai a ɗage, ni Namadi Mai Hoto, na bakin tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Kaura Namoda, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da abokan sana'a na Shinkafi da Zurmi, har da maƙiya don su ma su ji, rasuwar abokiyar aikina, injin yankan hotona na hannu, wanda mu masu sana'a muke kira kata, mutanen unguwa kuma suka fi sani da Gwaggo Ƙaras. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburinta, tana tsakiyar aiki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda Allah bai nufa ya gan ta da rai ba, marigayiya allo ce na katako mai kauri, an zana mata layukan awo a fuska, a gefenta na dama kuma akwai doguwar wuƙa mai mariƙi, wadda ake ɗagawa a sauke. Ba ta shan mai, ba ta jiran wutar lantarki, ba ta taɓa cewa a yi mata caji ba. Ba a san ranar haihuwarta ba. Abin da aka sani shi ne ta iso Kaura cikin jirgin ƙasa, lokacin da jirgi yake jirgi, a kayan maigidana Baba Lasisi, wanda ya koya mini riƙon kyamara. Da tsufa ya kira shi gida sai ya bar mini ita, ya ce in riƙe ta kamar idona. Shekara talatin da shida ke nan muna tare, ban taɓa ba da aronta ba ko ga ƙanena.

Maganarta biyu ce a duniya. In an ɗaga ta sai ta ce, "Ƙiii." In an sauke ta sai ta ce, "Ƙaras!" Daga nan ba ta ƙarawa, kuma ba ta janyewa. Masu shayi na ƙofar tasha sun shaida cewa da wannan ƙaras ɗin suke gane na buɗe shago.

Marigayiya ta san haƙƙin mutum a cikin hoto. Ba ta taɓa aske wa dattijo saman hula ba. Kullum sai ta bar masa iska ta yatsa biyu a bisa kai, don ko a cikin firem ɗan Adam yana son wurin numfashi. Ba ta yanke hannu a wuyan hannu, ba ta yanke ƙafa a gwiwa, saboda mai hoto ba mahauci ba ne. In mutum ya kalli gabas, gabas take bar masa fili, ta rage ta bayansa, kada ya shekara ashirin a bango hancinsa na gogar katako. Amaryar da aka yini ana zana mata lalle kuwa, ko firem zai fashe sai ƙafarta ta fito har ɗan ƙaramin yatsa. Sau nawa ta rufa mini asiri? In akuya ta leƙo ta gefe ban lura ba, ko wani ɗan kallo ya cuso rabin fuskarsa cikin hoton mutane, ita take gyara sakacina ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Hoton fasfo kuwa, na makaranta da na aikin hajji da na neman aiki, ta yanka wanda in aka jera shi zai kai Zurmi ya dawo, kuma babu ɗaya da aka taɓa dawo mana da shi don ya karkace.

Ba zan yi mata ƙaryar da ake yi wa mamaci ba. Ta yanke mutane, da yawa ma. Duk lokacin zaɓe sai an kawo mana hoton taro, a nuna wani da baki a ce a cire shi, ya sauya sheƙa. Bayan wata shida a dawo ana sosa ƙeya, wai ko guntun yana nan, mutumin ya dawo gida. Ta cire tsofaffin mazaje daga hotunan biki. Ta cire direba daga motar da wani saurayi ya jingina da ita don a ce tasa ce. Ganin haka na samu kwali na riƙa ajiye guntayen, don na lura mai fushi yau shi ne mai cigiya gobe. Ta kuma ci kan yatsana na hagu a wata shekara, ban riƙe ta da shi ba, ni na kai mata shi har baki.

Yanzu ga maganar ciwon ajali, kuma a nan nake son a buɗe kunne, domin tun gawa ba ta huce ba aka fara baza ƙarya a gari. Wasu sun ce tsatsa ce. Wasu sun ce tsufa. Abbati mai walda, wanda ya duba gawar, wai ƙusar da ke riƙe da wuƙar ce ta cinye tun bara, ana ta lallaɓawa. Abbati ya san ƙarfe, ban musa masa ba, amma bai san Gwaggo ba. A safiyar da za ta cika, fasfo arba'in ta yanka ko tari ba ta yi ba. Ga yadda abin ya faru, ni da nake riƙe da hannunta.

Shekara ashirin da takwas da suka wuce, ina ɗaukar kyamara da labule ina zuwa cin kasuwar Shinkafi. Wata ranar kasuwa mutum biyu daga wajen Gurbin Bore suka tsaya gabana suna dariya. Ɗaya Maccido, manomi. Ɗaya Sha'aibu, makiyayi, wanda duk kaka shanunsa suke kwana a gonar Maccido, su ci kara su bar taki, kamar yadda iyayensu suka yi. Ran nan sun sayar da wani bijimi na Maccido da ya girma a garken Sha'aibu, suka ce sai an yi hoto kafin kowa ya kama hanya. Wasa ya kai su ga musayar kaya. Maccido ya ɗora malfar Sha'aibu a kai ya riƙe sandarsa. Sha'aibu ya saɓa sabuwar galmar Maccido, ya ɗora hannunsa na dama a kafaɗar abokinsa. Na ce su matso, suka matso har babu inda iska za ta bi tsakaninsu. Biyu na wanke, kowa ya tafi da nasa. Fim ɗin da ake sake wanko hoton daga gare shi kuwa, gara ta cinye shi tare da sauran na shekarun nan, wata damina da rufin shagona ya yi yoyo.

Abin da ya samu ƙasarmu a 'yan shekarun nan ba sai na faɗa wa ɗan Zamfara ba. Maccido ya bar gonarsa da rumbunansa, ya kwaso iyali suka kama haya a nan Kaura. Sha'aibu shi ma an kore masa shanu, ya tattara abin da ya rage ya yi arewa, har yau babu wanda ya zo da labarinsa. Watan jiya Maccido ya kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa ya gafarta masa. Shi kam mutum ne, wannan addu'ar ta gaske ce.

Ranar Talatar nan sai ga babban ɗansa Muhtari ya faka babur a ƙofar shago. Ya ajiye mini hoton nan, wanda shi kaɗai ne hoton mahaifinsa da suke da shi, ya ajiye wani ɗan firem na kasuwa mai cin mutum ɗaya. Wai in fitar masa da ubanai shi kaɗai, zai rataye shi a bango. Wai ba ya son ganin wanga mutum a bangon ɗakin uwatai, irinsu ne sunka raba su da gonarsu. Na tambaye shi ko Sha'aibu ya taɓa yi musu wani abu. Ya ce bai ce ya yi ba, amma duk ɗaya ne. Idonsa ja wur, kuma na san ba ƙiyayya ce kawai ba, yaron da ya tashi da gona ya koma jiran fasinja a rana, ga maraici sabo. Na ji tausayinsa, har yanzu ina ji.

Na ɗauko rula na nuna masa. Na ce duba nan, ɗana, in na yanka ta wannan layi, yatsu huɗu za su rage a kafaɗar mahaifinka, babu mai su. In na matsa don in kwashe yatsun, na tafi da kafaɗar da rabin kunne. Kuma ko na yi yaya, malfar da ke kansa da sandar da ke hannunsa na mutumin ne. Ya ce a bar yatsun, a yanka. Na ce to a ɗauka da waya, a yanke na wayar, a bar na asali ya huta. Ya ce na asalin ne yake kwana a ɗakinsu, shi yake son a raba. Na faɗa masa fim ya mutu, abin da Gwaggo ta ce wa ƙaras ba ya komawa. Ya ce ya ji, shi aiki ya kawo ba wa'azi ya zo saurare ba.

To a nan ne zan faɗi abin kunyata da bakina, kafin wani ya faɗa. Na yarda. Ni da na ce musu su matso, ni na kwantar da hoton a kan allo, na daidaita shi da layi, tsakanin kunnen Maccido da kumatun Sha'aibu. Na ce a raina mai kaya ya fi ni iko da kayansa, wannan ba shi ne na farko ba. Na danne da hagu, na ɗaga da dama. Ta ce, "Ƙiii," kamar kullum, sai dai ta ja shi da tsawo. Na sauke.

Ba ta ce ƙaras ba. Ta ce, "Ƙwas!" Wuƙar ta tsinke daga gindi, ta kuɓuce daga hannuna ta faɗi ƙasa, "Tangaran!" ta rabe gida biyu. Wannan ita ce kalmarta ta ƙarshe. Da na duba hoton, abin da ta taɓa bai wuce ƙwayar shinkafa ba, can a gefen sama, a jikin labulen da ke bayan kawunansu. Mutanen biyu suna nan suna dariyarsu.

Wanda ya ga dama ya ce ƙusa ce. Ni na ce ƙi ta yi. Ta yanke 'yan siyasa ba ta ji komai ba, ta yanke mazan da suka saki matansu ko gezau, amma da aka kawo mata wannan sai ta zaɓi ta karye. Ƙarfe da katako sun fi ni kunya a ranar, kuma da furfurata nake faɗa.

Muhtari ya ce in ɗauko almakashi. Na ce almakashi yana zaman makoki. Ya ce in ba shi hotonsa ya kai inda za a yi masa. Sai a lokacin hankalina ya dawo. Na ce wannan hoto gado ne, kuma ban ji an raba gadon Maccido ba, saboda haka ba zan damƙa shi ga magaji ɗaya ba, sai dai in kai wa mai ɗakin da aka ɗauko shi. Ya kira ni tsohon banza a gaban masu shayi. Na ce na amsa, amma hoto yana aljihuna.

Washegari na je gidan. Mahaifiyarsa Azumi tana takaba, ba ta fita, don haka na yi sallama na tsaya daga bakin ƙofa, ta karɓi hoton ta bayan labule. Ashe ba ta ma san an ciro shi daga akwatinta ba. Na faɗa mata komai, har da nawa laifin. Sai ta ce, da muryar da duk tsakar gidan ya ji, wai lokacin da ta haifi Muhtari ciwo ya kwantar da ita, nononta ya ƙafe. Wata bakwai hannun nan da ke kafaɗar malam yana kawo ƙwaryar madara kowace safiya, da ruwa da iska, bai taɓa karɓar ko zangarniyar gero ba. Wai in za a yanke hannun, to a fara yanke naman da madarar ta tsirar a jikin mai son yankan. Sannan ta miƙo mini hoton, ta ce in je in yi masa firem ɗin da zai ci su biyun. Muhtari yana tsaye a tsakar gida yana goge babur. Sai ya tura abinsa waje ya tayar ya tafi.

Tun daga ranar nake karɓar masu ta'aziyya iri-iri, kuma ina son wasunsu su ji amsarsu a rubuce. Samarin shagon kwamfuta na tsallaken titi sun zo suna danne dariya, wai Baba a yi haƙuri, zamani ne, su a minti biyu za su ɗauke Sha'aibu har da yatsunsa, su dasa dogon bene na ƙasar waje a gurbinsa. Sannunku da iyawa. Maccido bai taɓa jingina da bene ba, da mutum ya jingina. Masu sayen gwangwan sun zo da ma'auni tun ba a share wurin ba, wai a ɗora ta a gani. Na raka su da tsintsiya har bakin kwalta. Akwai kuma masu zama a inuwa suna cewa Namadi ya ɗauki ɓangare. Eh, na ɗauka, ɓangaren hoton da na ɗauka da hannuna, kuma mutum biyu ne a ciki. Mafi ban haushi su ne masu cewa wai ni na kwance ƙusar da gangan don kada a yi yankan. Wallahi da ni na kwance ta da na fi haka daraja a idon kaina. Ban yi ba, saukewa na yi da ƙarfina.

Marigayiya ta rasu ta bar mijinta na sana'a, wato ni, mai yatsa tara da rabi. Ta bar ƙanenta almakashi, wanda bai gaji natsuwarta ba, da rular ƙarfe da lambobinta suka shuɗe, da kwalbar gam da ba ta taɓa rufuwa daidai ba. Ta bar tsohuwar kyamara, wadda ita ma jikin sai a hankali. Ta bar labulen bango mai zanen jirgin sama, wanda rabin mutanen Kaura suka yi tafiya a gabansa ba su je ko'ina ba, da kujerar roba, da tukunyar furen roba da ta halarci aure fiye da kowane liman. Ta bar jikoki a bangon ɗakuna daga nan har Badarawa da Birnin Tsaba, kowanne da iskarsa ta yatsa biyu a bisa kai. Ta kuma bar kwalin guntaye, marayu sama da ɗari uku, masu jiran a zo a neme su.

Ga yadda za a yi jana'iza. Ba za a yi mata salla ba, kada malamai su ce Namadi ya zautu, kuma ba za a binne ta ba, don ƙasa ba ta yi aikin da za a ba ta ita ba. Allon yana wurin Anas kafinta. Zai tsaga shi huɗu ya haɗa firem da shi, layukan awon suna kallon waje, faɗinsa ya ci mutum biyu har da galma da sanda. Wuƙar tana maƙera, kuma na kafa wa maƙeri sharaɗi a gaban shaidu cewa ko ɗan askar yankan farce ba za a fitar daga jikinta ba. Ƙusoshi za a yi da ita, da maratayi. Bayan an sa gilashi za a rufe bayan firem ɗin da gam da waɗannan ƙusoshi, rufewar da babu buɗewa. Duk mai son ya kai ga hoton nan da wuƙa, sai ya fara fasa gawar Gwaggo.

Za a zauna karɓar gaisuwa kwana uku a shago, daga hantsi zuwa la'asar. Kwalin guntaye zai kasance a buɗe a kan teburin marigayiya. Duk wanda ya taɓa sa aka yanke masa wani, kuma yanzu zuciyarsa ta sauko, ya zo ya tona ya ɗauki nasa, ba za a tambaye shi dalili ba, gam kuma kyauta ne.

Jiya da azahar Muhtari ya zo. Bai yi mini ta'aziyya ba, ni ma ban nema ba. Ya ɗauki ɗan firem ɗinsa na kasuwa ya sa a aljihu. Sannan ya ajiye wata igiya mai ƙulli a kan tebur, yana kallon titi, wai wagga ita ce faɗin bangon ɗakin inna tsakanin ƙofa da taga, a faɗa wa kafinta kada ya wuce ta. Wai kuma kada in taɓa guduma, shi zai kafa ƙusar da kansa, bai yarda da hannun da ya karya nasa injin ba. Ya hau babur ya tafi. Ban ce ya huce ba, ban ce gonarsu ta dawo ba. Na dai shimfiɗa igiyar a kan hoton. Ta ɗauki Maccido, ta ɗauki Sha'aibu, ta yi saura yatsa biyu.

Za a ɗauki marigayiya daga shago ranar Juma'a bayan sallar la'asar, a kai ta makwancinta a bangon ɗakin Azumi. Ana gayyatar manomi, ana gayyatar makiyayi. Wanda ya san inda Sha'aibu yake, don Allah ya aika masa cewa hannunsa yana nan inda ya bar shi. Mai niyyar zuwa da almakashi kuwa ya yi zamansa a gida.

Sanarwa daga Namadi Mai Hoto, bakin tasha, Kaura Namoda, a madadin iyalan marigayiya.